Wata huɗu da sauya shokozobar bayan kekena mai lantarki

Keken hawan duwatsu mai lantarki da nake da shi ɗan gwanjo ne da aka kawo mini daga Jamus, kuma da batir a jikinsa nauyinsa ya kai kilo 24. Mafi yawan hawana daga Katsina nake yin sa zuwa wajen madatsar ruwa ta Ajiwa, inda nakan bar kwalta in bi burtali da hanyoyin gona masu gargada da tsakuwa da ramukan da ruwan damina ya zaizaye. Shokozobar bayan da keken ya zo da ita ta iska ce, kuma ta yi mini aiki shekara guda ba tare da ƙorafi ba, har hunturun bara ya shigo ƙura ta ci robobin da ke tsare iskar. Daga nan sai in ba ta iska da safe, kafin la'asar bayan keken ya zauna, feda tana taɓa ƙasa a duk inda na ci karo da kunya.

Irin wannan shokozoba ana son a buɗe ta a sauya mata mai da robobi bayan kimanin awa 50 na hawa, ni kuwa ban sami wanda yake da kayan wannan aiki a kusa ba. Wannan dalili, fiye da sha'awar sabon abu, shi ya sa na koma ga mai sifirin ƙarfe, na sayi RockShox Super Deluxe Coil ta hannun wani ɗan'uwa da ke dawowa daga Ingila.

Abin da ya fi cin lokacina kafin saye shi ne awo. Shokozoba tana da lambobi biyu: tsawonta daga ido zuwa ido, wato tsakanin ramuka biyun da ake ɗaure ta da su a jikin keke, da tazarar da take iya matsewa. Tawa milimita 230 ce da 60, kuma dole sabuwar ta zo daidai, domin idan matsewar ta wuce ƙima taya na iya dukan jikin keken. Haka kuma ba kowane keke ne yake karɓar sifirin ba, tun da shi sifirin ƙarfinsa bai ɗaya yake ƙaruwa daga farko zuwa ƙarshe, alhali iska tana ƙara tauri sosai idan ta kusa ƙurewa. Sai da na tabbatar a littafin keken cewa ƙirarsa ta yarda da hakan.

Ɗaurawar ba ta ɗauki awa guda ba a wurin wani mai gyaran babur da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, wanda ya ciro bushin tsohuwar, wato 'yan ƙarafan da ke cikin idanunta inda ake ɗaure ta, ya mayar a sabuwar. Da ya riƙe ta a hannu ya jinjina, sai ya ce, "Malam, ai wannan ta babur ce aka ƙanƙanta." Bai yi nisa da gaskiya ba.

Kuskuren da aka yi nawa ne. Na zaɓi sifiri mai lamba 450, wato nauyin fam 450 ne yake matse shi inci guda, ina ganin zai fi laushi. Ƙa'ida ita ce idan mahayi ya zauna, shokozobar ta nutse kashi 30 cikin ɗari na tazararta, wanda a wurina milimita 18 ke nan. Na hau da kayan hawana da gorar ruwa, nauyina kilo 88, na jingina da bango, ƙanena ya tsuguna da tef ɗin tela yana aunawa, sai ya karanto mini 22. Na yi gardama na fita da shi a haka, kuma a kwazazzabon farko na ji ƙarar ƙurewa har cikin ƙashin bayana. A shokozobar iska famfo kaɗai zai gyara wannan cikin minti biyu, amma a nan sai an sayi wani sifirin, sai da na jira mako biyar kafin mai lamba 550 ya iso. Da shi awon ya tsaya a 18 cif.

Tun daga ranar keken ya zama wani daban. Ƙananan tsakuwa da gargadar marmara, waɗanda a da suke sa ƙafafuna sanyi bayan rabin awa, yanzu da kyar nake jin su, domin sifirin yana motsawa da taɓawa kaɗan, babu robobin iska da za su riƙe shi. Wajen hawan tudu mai burji na fi ganin amfaninsa: injin yana tura tayar baya da ƙarfi, a da takan yi tsalle ta kwashe ƙasa, yanzu kuwa tana manne da hanya. Maɓallin da ke daidaita saurin dawowarta na rage shi da danni biyu, saboda da farko tana cilla ni sama bayan kowane rami. A zafin watan Afrilu ma, tafiyar awa uku ba ta sauya mata hali ba.

Nauyin ya ƙaru da kusan rabin kilo, abin da ban ji a hanya ba tun da injin ne yake ɗauka, sai dai ranar da batir ya ƙare mini a Batagarawa na tuƙo shi da ƙafa zuwa gida. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, musamman da na sayi sifiri sau biyu. Sannan man da ke cikinta zai buƙaci sauyi bayan kimanin awa 200, ke nan matsalar rashin mai gyara jinkirta ta na yi, ban kawar da ita ba. Duk da haka, da za a mayar da ni baya zan sake sayenta, sai dai in fara da awon nauyina. Wani abin da ban zata ba shi ne, laushin bayan ya tona asirin shokozobar gaba, wadda yanzu nake jin taurinta a wuyan hannuna, kuma ita nake tara wa kuɗi kafin damina ta faɗi.