Tiyatar ciwon dunduniya: tana aiki, amma a tambayi nawa za a yanke

Tiyatar ciwon dunduniya ƙaramin aiki ne a wurin likitan ƙashi. Ba ta cika wuce rabin awa ba, kuma galibi ranar da aka yi ta ake sallamar mutum. An yi mini ita, ƙafar ta warke, kuma ra'ayina a kanta shi ne tana kashe zafin nan na takun farko da asuba, sai dai ba a banza take yin hakan ba. Abin da ake yankewa yana da aiki a ƙafa, kuma ba ya komawa daidai yadda Allah ya halicce shi.

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da tauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ba ta jini ba ce, ɗauri ce kawai. Lanƙwasar tafin ƙafa baka ce, wannan jijiya kuwa ita ce tsirkiyar. Duk lokacin da yatsu suka lanƙwashe sama, a wajen taku ko a sujada, sai ta ɗame ta ɗaga tsakiyar tafin. Ciwon da likitoci ke kira plantar fasciitis yana tasowa ne daidai inda ta kama ƙashi, ta gefen ciki na dunduniya. Wurin yana tsattsagewa kaɗan-kaɗan, ya yi kauri, ya lalace. Lalacewar ta fi kumburi yawa, shi ya sa maganin kumburi ke lafar da zafin na ɗan lokaci ya bar asalin matsalar.

Alamarsa ba ta ɓuya. Mutum ya sauko daga gado, takun farko ya soke shi a dunduniya, bayan ƴan mintuna ya lafa, ya zauna ya daɗe ya tashi ya dawo, da yamma kuma ƙafar ta yi ta zugi. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, masu ƙiba, masu wuni a tsaye kan siminti kamar malaman makaranta da ƴan kasuwa da ma'aikatan jinya, da masu yawo da silifar da ta cinye ta zama falle.

Kusan mutum 9 cikin 10 suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da wuƙa ba. Saboda haka ba a maganar tiyata sai an yi wata 6 zuwa 12 ana jinya ta gaskiya ba ta ci ba. Da yawa daga masu cewa sun gwada komai, ƙwayoyi kawai suka sha. Jinyar gaskiya tana da ƙa'ida. Kafin ka sa ƙafa a ƙasa da safe, ka ɗora ƙafar mai ciwo kan gwiwar ɗayar, ka kama yatsun ka ja su baya har ka ji jijiyar ta ɗame a ƙarƙashin babban yatsan hannunka. Ka riƙe daƙiƙa 10, ka maimaita sau 10, haka sau 3 a rana. Sai miƙar da sha-raɓa a jikin bango, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa. Sai atisayen ƙarfi: ka tsaya a bakin matakala da ƙafa ɗaya, naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin yatsu, ka ɗaga dunduniya cikin daƙiƙa 3, ka tsaya 2, ka sauko cikin 3, sau 12 a zagaye 3, yau a yi gobe a huta, har wata 3. Takalmi kuma ya zama mai taushin ciki da ɗan tudu a baya, wanda ba ya naɗewa a tsakiya in an matsa shi. Tafiya ba takalmi a tsakar gida tana rushe duk wannan.

Allurar sitiroyid a dunduniya tana ba da sauƙi na makonni, ba ta warkarwa. In aka yawaita ta, tana narkar da kitsen da ke matashin dunduniya, wanda ba ya dawowa, kuma tana iya sa jijiyar ta tsinke da kanta. Allura ce ta asibiti, ba ta kemis ba. Akwai kuma na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti mai ƙarfi, ana yi kamar sau 3, mako-mako, kuma ta cancanci gwaji kafin tiyata in akwai ta a sashen gashin ƙashi. Sakiya da tsaga kuwa tabo suke bari a daidai inda nauyin jiki ke sauka, ga mai ciwon suga kuma suna iya zama mafarin gyambon da ba ya warkewa. Shan maganin zafi irin diklofenak wata da watanni yana taɓa ciki da ƙoda.

Inda aka fi yin asarar tiyata shi ne wajen gano ciwon. Hoton ƙashi yakan nuna ɗan tsiro mai tsini a ƙarƙashin dunduniya, hankalin kowa ya tafi can, a ce ga ƙayar da ke suka. Mutane da yawa suna da wannan tsiron ba su taɓa jin ciwo ba, kuma masu ciwon suna warkewa tsiron na nan. Ba lallai ne a cire shi ba. Abin da ya fi amfani shi ne sikanin sauti (ultrasound), wanda ke auna kaurin jijiyar. In ya wuce milimita 4 a wurin da ta kama ƙashi, ya yi daidai da ciwon. Sannan dole likita ya kore sauran masu kama da shi. In an matse dunduniya ta gefe biyu ta yi zafi, a nemi tsagewar ƙashi. In zafin ƙuna ne mai ja kamar lantarki, yana nan ko a kwance, a nemi jijiyar ji da ta matse, musamman reshen da ake kira jijiyar Baxter, domin yanke ɗaurin tafin ƙafa kaɗai ba zai sake ta ba. In tsakiyar dunduniya ce ke ciwo, ana jin ƙashi ƙarƙashin fata, matashin kitse ne ya ƙare, kuma tiyata ƙara shi za ta yi. Saurayi mai ciwo a dunduniya biyu tare da sandarewar baya da safe, cutar gaɓoɓi za a bincika masa. Irin wannan tantancewa aikin likitan ƙashi ne, a wurare kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa.

Akwai gwaji ɗaya da bai kamata a tsallake ba. Likita zai tura tafin ƙafarka sama gwiwa a miƙe, sannan ya sake turawa gwiwa a lanƙwashe. In ƙafar ta ƙi hawa a na farko ta hau a na biyu, naman sha-raɓa ne ya ɗame yake jan agara, agara na jan dunduniya. Ga irin wannan ƙafar akwai wata tiyatar daban, ta sassauta sha-raɓa ta bayan gwiwa ko ta tsakiyar ƙwauri, ba a taɓa tafin ƙafa ko kaɗan. Illarta ita ce raunin sha-raɓa na wani lokaci, wani sa'in da mutuwar ji a gefen ƙafa. A ganina duk wanda aka yi wa maganar tiyata ba a yi masa wannan gwajin ba, ya nemi ra'ayin likita na biyu.

Ita tiyatar jijiyar tafin iri biyu ce. A ta buɗewa, ana tsaga santimita 3 zuwa 5 a gefen ciki na dunduniya, likita ya ga jijiyar da idonsa, ya kuma iya sakin jijiyar Baxter in ta matse. A ta kyamara, wadda ta fara yaɗuwa a Amurka a farkon shekarun 1990, ƙananan huji ɗaya ko biyu ake yi, a zura kyamara da ƴar wuƙa. Ta kyamara ta fi saurin warkewar fata, amma ba kowane asibiti ke da kayan ba, kuma ba ta ba da damar duba jijiyar ji sosai. Ta buɗewa a hannun wanda ya saba ta fi ta kyamara a hannun ɗan koyo. Ana yin allurar baya ko a kashe ƙafar daga idon sawu, a ɗaure ƙafar don tsayar da jini, a yi yankan, a ɗinke.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: nawa za a yanke? Ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce sulusi zuwa rabin faɗin jijiyar, daga gefen ciki. Gibin da aka bari yana cikewa da tabo, jijiyar ta ɗan ƙara tsawo, jan da take yi wa ƙashi ya ragu. In aka wuce rabi, ko aka yanke ta duka, lanƙwasar tafin na sauka, nauyi ya koma gefen waje na ƙafa, sai sabon ciwo ya ɓullo a can, tsakanin idon sawu da gindin ƙaramin yatsa. Wannan ciwon ya fi na farko wuyar magani, don abin da aka yanke ba ya ɗinkuwa. Mai shimfiɗaɗɗen tafi tun asali ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Makonni biyun farko na zama ne, ƙafa a ɗage sama da ƙugu, bandeji a bushe. Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14, wani lokaci a ƙara in fatar mai kauri ce. Ana sa takalmin tiyata mai tauri na mako 2 zuwa 4, da sanda a farko. Komawa takalmin yau da kullum yakan kai mako 4 zuwa 6, tsayuwar wuni ko aikin gona wata 3, kuma ƙafar na iya ci gaba da gyaruwa har shekara. Mai aikin ofis zai koma da wuri. Mai tsayuwa a shago ko mai tuƙi da ƙafar dama ya tanadi wanda zai riƙe masa.

Akwai abubuwan gida da takardar sallama ba ta faɗa. Ruwan alwala kada ya taɓa ɗinkin, a yi shafa a kan bandeji yadda malamai suka yi bayani, a yi salla a kan kujera har likita ya ba da izinin lanƙwasa yatsu, domin kafa yatsu a sujada yana jan daidai wurin da aka yanka. Masai na tsuguno shi ma haka, a nemi kujerar bayan gida tun kafin ranar. In da kaushi mai tsagewa a dunduniya, a yi maganinsa tukuna, don ƙofa ce ta ƙwayoyin cuta, musamman da hunturu. Mai ciwon suga sai sukarinsa ya daidaita, mai shan taba ya ajiye makonni kafin aikin, domin fatar dunduniya ba ta yafe ƙarancin jini. Ja mai yaɗuwa, ruwa ko mugunya daga ɗinki, zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri da zafi, duk na komawa asibiti ne a ranar. Na ƙarshen na iya zama gudan jini.

To me ake samu? Sukan nan na asuba shi ne ke fara ɓacewa, kuma a nan tiyatar ta cika alƙawari. Abin da ke maye gurbinsa na ƴan watanni shi ne tsamin tabo, gajiya a tsakiyar tafi, da ɗan mutuwar ji kusa da yankan. Ƙafar takan ji kamar ta rasa ɗan ƙarfin tunkuɗa ƙasa wajen sauri ko hawan matakala, sai atisaye ya dawo da mafi yawansa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Foot & Ankle International a 1999 ya bi waɗanda aka yi wa tiyatar, ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na dunduniyoyin ba ciwo ko ciwo kaɗan, amma waɗanda suka ce sun gamsu ɗari bisa ɗari ba su kai rabi ba. Wannan ya fi kusa da gaskiyar lamarin fiye da alƙawarin cewa za ka fita kamar ba a taɓa yi ba. Sauƙi ne mai yawa, ba sabuwar ƙafa ba ce.

Ina ba da shawararta ga wanda ya kusa shekara yana jinya bisa ƙa'ida, sikanin ya tabbatar da kaurin jijiyar, an kore matsewar jijiyar ji da ɗamewar sha-raɓa, kuma ciwon ya hana shi neman abincinsa. Ba na ba da ita ga mai wata uku da ciwo, ko mai son a cire masa tsiron da ya gani a hoto, ko wanda ba zai iya zaman makonni biyu ba. Mai ciwo a ƙafa biyu kada ya yarda a yi masa duka a rana ɗaya. A yi wadda ta fi tsanani, sau da yawa ɗayar na samun sauƙi da ta daina ɗaukar nauyin ɗingishi. Wajen kuɗi kuma a tambaya tun farko ko lissafin ya haɗa da takalmin tiyata, wankin ciwo, da zaman gashin ƙashi, domin atisayen miƙar da sha-raɓa da ƙarfafa tafi ana komawa kansa ne daga mako na uku ko na huɗu, kuma tabon da ba a motsa shi ba yakan ɗame ya dawo da jan da aka yi tiyatar dominsa.