Zanen Bakst da na saya, ashe shafin littafi ne

Wannan dillalin na Faris da ke tallar tsofaffin zane-zanen kayan rawar bale a intanet, a yi hattara da shi. Ba sai na kama suna ba. Ni sana'ata ɗinkin kayan mata, kuma na daɗe ina kwaɗayin mallakar ko da takarda ɗaya ce daga hannun Léon Bakst, wanda ya tsara tufafin Schéhérazade, wasan da ƙungiyar Ballets Russes ta Sergei Diaghilev ta nuna a Faris a 1910, har matan birnin suka koma naɗa rawani da sa wando burgujeje.

A tallar wata takarda mai zanen Bakst, dillalin ya rubuta cewa aikin hannu ne, kuma na zamanin Bakst. Na tambaye shi ƙarara: Bakst ne ya zana wannan da kansa? Ya ce daga gadon wani tsohon gida ta fito, magada na gaggawar rabuwa da kaya, shi ya sa kuɗin bai kai na gidajen gwanjo ba. Na biya.

Da ta iso na kai ta wurin wata dattijuwa mai gyaran tsofaffin takardu don a sa mata firam. Ko zama ban yi ba ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta duba, ta juya bayan takardar, ta nuna mini gefen hagu. Ramukan allura ne a jere, inda zare ya taɓa riƙe shafin a jikin littafi. Ta ce layukan jikin mai rawar bugawa aka yi, ba fensir ba ne. Launin kuwa da hannu aka sa, amma ta dabarar da Faransawa ke kira pochoir: a yanke siffar kowane launi a siririn farantin ƙarfe, a ɗora kan takarda, ma'aikaci ya dangwala fenti da buroshi, launi bayan launi. Shi ya sa bakin kowane launi ya tsaya cak. Wato “aikin hannu” ɗin da ya faɗa hannun ma'aikacin maɗaba'a ne. Zanen da aka yi don ɗinki, in ji ta, sau da yawa za ki ga fensir na leƙowa ƙarƙashin fenti, ga ruwan zinare ko azurfa, ga 'yan rubuce-rubuce a gefe ana gaya wa tela irin yadin da za a yanka. Wannan rubutun ne ma ni nake so, don ta nan zan ga yadda mutumin yake tunani. Babu ko ɗigo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma gaskiya, tsakani da Allah, takardar tana da kyau. Shuɗin nan da kore da Bakst yake gwamawa suna nan da ransu, lemo-lemon ɗamarar bai kwanta ba duk da shekarunsa. Kuma mai rawar ba a tsaye take ƙiƙam kamar gunkin shago ba, a karkace take, mayafi na tashi, ana ganin inda yadi zai faɗi in jiki ya motsa. Duk telar da ta ƙura masa ido za ta ƙaru. Dattijuwar ma ta ce irin waɗannan shafukan suna da masu tara su da farashinsu na daban, kuma gara su da jabun da ke yawo da sa hannun Bakst, don mutumin ya rasu tun 1924 amma “sababbin” zanensa ba su daina fitowa kasuwa ba. Har na fara cewa to a bar shi, ban tashi a banza ba.

Sai ta ɗaga kwalin da aka manna takardar. Salatif ne na kanti, dillalin ya liƙa shi kai tsaye a bayanta, manyan ɓari-ɓari, kuma danƙon irin wannan salatif yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa. Ƙasan shafin kuma an datse shi da reza, yankan sabo fil, fari tas, alhali sauran gefunan sun yi ja don tsufa. Daidai wurin da ake buga sunan wasa da lambar shafi ke nan. Wanda ya yanke wannan ya san abin da yake ɓoyewa. Takarda ta haura shekara 100 lafiya, sai a hannunsa aka illata ta.

Na rubuta masa da hotuna. Amsarsa layi biyu: bai taɓa cewa zane na asali ba ne, kuma ba ya karɓar kayan da aka cire daga kwalinsu. To in ba a cire ba ta yaya za a ga aika-aikar?

Mai son ganin na gaske ya nufi gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, ko Wadsworth Atheneum a Amurka da ya sayi tarin Serge Lifar, ɗan rawar Ballets Russes, a 1933. Mai niyyar saye kuma ya nemi hoton bayan takarda da gefunanta huɗu, ba firam, da tarihin hannayen da ta bi a rubuce. Tawa tana can wurin dattijuwar ana ɓamɓare salatif, kuma kuɗin wannan aikin ma daga aljihuna zai fita.