Na kai tsofaffin hotunan gidanmu shagon gyaran hoto: abin da na gani

Bayan an yi sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aka buɗe adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, sai muka tarar da albam biyu da wani ambulan mai kauri cike da hotuna. Da na ƙirga sai na samu guda 163, mafi yawansu baƙi da fari, sauran kuma masu launi ne da suka koɗe suka koma ja-ja kamar an jiƙa su a ruwan zoɓo. Danshin damina ya manne wasu da juna, gara ta ci gefen guda shida, akwai kuma waɗanda fumfuna ta yi wa ɗigo-ɗigo. Da yake 'yan'uwa sun warwatsu tsakanin Kano da Kaduna da Maraɗi, kuma kowa yana son a ba shi rabonsa, sai aka yanke shawarar in kai su wani shago a cikin Kano da ke kwafe tsofaffin hotuna zuwa kwamfuta, yana kuma gyara waɗanda suka lalace.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda matashin da ke kula da aikin ya karɓi kayan. Ya ƙirga su a gabana, ya rubuta adadin a rasit, sannan ya ware waɗanda suka manne ya ce ba zai ɓamɓare su da ƙarfi ba. Ɗaya daga cikin albam ɗin irin mai gam ne da leda a sama, wanda aka yi yayi a shekarun 1980, kuma gam ɗin ya riga ya kama bayan hotunan. Na tsaya ina kallo ya ɗauko siririn zare ya zura ta ƙarƙashin kusurwar hoto, yana ja a hankali hagu da dama har hoton ya rabu da takardar ba tare da ya yage ba. Hoto ɗaya ya ci masa kusan minti biyar. Ko a nan aikin ya tsaya, na san kuɗina bai faɗi a banza ba, domin da ni ne da farce zan sa.

Ya ba ni zaɓi tsakanin kwafi mai ɗigo 300 da mai ɗigo 600 a kowane inci, ya kuma bayyana mini cewa na biyun ne zai ba da damar a wanke ƙaramin hoto ya ninka girmansa bai dushe ba. Na zaɓi 600, kuma ban yi nadama ba. Gyaran masu launin ma ya yi kyau ƙwarai. Bayanin da ya yi mini shi ne cewa hoto mai launi rini uku ne a jere a kan takarda, kuma ba tare suke koɗewa ba, shi ya sa idan mai shuɗi-shuɗin ya riga sauran tafiya sai ja ya rinjaya, alhali baƙi da fari da sinadarin azurfa aka yi shi, don haka ya fi jure shekaru. Hoton ɗakin mahaifiyarmu, wanda a da ba a iya bambance komai a cikinsa, ya dawo har ana ganin jeren kwanukan samira a kabat da labulen gado mai rumfa.

Inda muka saɓa da shagon shi ne kan hoton kakarmu ta wajen uba, wanda shi kaɗai ne hotonta a duniya. Ba tare da an tambaye ni ba aka bi da shi ta wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira wadda ke ƙara wa fuska haske. Da aka buɗe mini shi a allon kwamfuta sai na ga wata kyakkyawar mata mai santsin fata wadda ban taɓa sani ba. Billen da ke kumatunta na hagu ya ɓace, domin manhajar ta ɗauke shi a matsayin ƙarzuwar takarda ta share, 'yar wushiryarta ta toshe, idanunta kuma sun ƙara girma. An kuma sanya wa hoton launi, aka mayar da zanen saƙin da ta ɗaura ruwan ƙasa, alhali duk wanda ya tashi a gidanmu ya san baƙin saƙi ne mai rinin baba, domin har yau yana nan a wajen gwaggonmu. Raina ya ɓaci sosai. Irin wannan manhaja ba ta san kakata ba. Hasashe take yi daga dubban fuskokin da aka horar da ita da su, sai ta cike gurbin da ya dushe da abin da ta saba gani. Tsagar fuska kuwa a ƙasar Hausa shaidar asali ce, wanzami ne ya yi ta bisa al'adar zuriya, kuma share ta daidai yake da share sunan gidan da mutum ya fito.

Na ce masa, “Malam, wannan ba Inna ba ce.” Ya ce, “Alhaji, ku yi haƙuri, yawancin masu kawo aiki haka suke so, shi ya sa ban tambaya ba.” Ban yi shakkar gaskiyarsa ba, kuma sa'ar da aka yi ya ajiye kwafin farko da ba a taɓa ba. A ranar ya sake aikin da hannu, ya cike gefen da gara ta ci kawai, ya bar fuskar yadda mai hoto ya ɗauke ta, bai kuma karɓi ƙarin kuɗi ba. Kuskuren ya gyaru, amma ina ganin bai kamata shago ya taɓa fuskar mamaci ba sai da izinin iyalinsa.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba sai da ya ba ni shawara shi ne kwafe bayan hotunan. A bayan hoton auren iyayenmu akwai hatimin ɗakin hoto da farashi da aka rubuta da biro, sule biyu da sisi, wanda ya tabbatar mana an ɗauke shi kafin a koma naira da kwabo a farkon 1973. A bayan wani kuma mahaifinmu ya rubuta da ajami cewa a Kaduna ne, lokacin hawan daba na FESTAC, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, kuma da wannan aka kashe gardamar da kawunnanmu biyu suka daɗe suna yi kan ko hawan Sallah ne a Kano.

Na tura hotunan a zauren iyali na WhatsApp, goma-goma kowace Juma'a, kuma a matsayin fayil nake tura su don kada a matse su ingancin ya ragu. Gwaggo ba ta karatun boko, saboda haka da saƙon murya take amsawa, ta bi mutanen da ke cikin hoto ɗaya bayan ɗaya daga dama zuwa hagu, ta faɗi sunan kowa da sunan uwarsa da unguwar da aka kai shi aure ko ya yi aure. A hoto guda ta fito mana da mutum goma sha ɗaya da babu wanda ya san su a cikinmu. Ni kuwa wanda ya tsaya mini a rai shi ne na ranar da aka kai ni aji ɗaya a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Ina tsaye da gajeren wando da ya fi ƙarfina, ina rungume da allon makaranta, ƙafata fari fat da ƙura. Ina ganinsa na tuna yadda aka sa ni in ɗora hannu ta saman kai in kamo kunnena don a tabbatar na isa shiga makaranta, da kuma kwabon da Inna ta ƙulle mini a bakin riga na sayen gurasa.

An yi mini alkawarin mako ɗaya, aikin ya kai mako uku, kuma sunayen fayilolin lambobi ne kawai, sai da na zauna na sake musu suna da kaina bisa bayanin Gwaggo. Duk da haka zan sake kai musu aiki, amma da sharaɗi a rubuce cewa a ba ni kwafin asali daban, na gyara daban, kuma kada a taɓa fuska ko a sa launi sai na ce. An mayar mini da hotunan takardar cif 163, na sa su a sabon albam marar gam na ɗaga su daga ƙasa. Na Inna kuma an wanke mini babba guda huɗu, da billenta, ɗaya yana hanyar Maraɗi a hannun direban da ke kai mana saƙo.