Kayan da Python ya zo da su, ko pandas da requests?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure yana son rubuta ƙaramar manhaja da za ta riƙa ɗauko fayil ɗin CSV (teburin bayanai da aka rubuta da waƙafi tsakanin gurabensa) daga intanet kullum tana tara jimillar wasu alƙaluma, ya tambaya ko sai ya girka pandas da requests, ko kuwa csv da urllib da ke zuwa tare da Python, harshen rubuta manhaja, sun wadatar. Pandas da csv na aikin tebur ne, requests da urllib kuma na ɗauko abu daga intanet.

Malam, a wajen teburin bayanai ne tazarar ta fi yawa. Shi csv, wanda ya shigo Python a sigar 2.3 cikin 2003, layi-layi yake karanta fayil, don haka ko fayil ɗin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfutarka, zai bi shi har ƙarshe ba tare da ya cika ta ba. Sai dai duk abin da ya karanto rubutu ne a wurinsa: idan ya ga 250, kai za ka mayar da shi lamba kafin ka yi lissafi. Shi kuwa pandas, wanda Wes McKinney ya fara a 2008, yakan loda teburin ne gaba ɗaya in ba ka ce ya gutsuttsura shi ba, sannan ya yi hasashen irin bayanin da ke kowane ginshiƙi. Wannan hasashe yana rage wahala, amma akwai tarko a cikinsa, domin lambar rajista irin 00731 za ta koma 731 ba tare da ko gargaɗi ba, sai fa idan ka rubuta dtype=str, wato ka ce ya ɗauke ta a matsayin rubutu. Inda ya yi wa csv fintinkau shi ne haɗa tebura biyu da kasa layuka rukuni-rukuni. Abin da groupby, umarnin pandas na kasa layuka, yake gamawa a layi ɗaya, da csv sai ka gina shi da hannunka.

Ta fuskar sadarwa, urlopen, umarnin da ke cikin urllib, ya isa ɗauko fayil guda. Requests, wanda Kenneth Reitz ya fitar a 2011, ya fi daɗin aiki idan akwai shiga da kalmar sirri ko tura bayanai a tsarin rubutu na JSON, har takardun bayanin Python da kansu suna ba da shawarar amfani da shi. Amma ka lura: idan sabar, wato kwamfutar da ake ɗauko fayil daga gare ta, ta amsa da 404 (ba a sami fayil ɗin ba), urlopen zai tayar da kuskure nan take, requests kuma zai miƙo maka amsar kamar lafiya lau har sai ka kira raise_for_status. Dukansu biyu kuma suna iya tsayawa jiran sabar da ta yi shiru har illa masha Allahu idan ba ka sa musu timeout, wato iyakar lokacin jira, ba.

A ganina, aikin da ka bayyana bai kai a jawo pandas ba, balle NumPy, ƙunshin kayan lissafi da yake tahowa da shi. Ka yi da csv da urllib, manhajarka za ta tashi a duk kwamfutar da ke da Python 3 ba tare da an girka komai ba. Ka dai buɗe fayil ɗin da newline='', saboda gurbin da rubutunsa ya tsallaka zuwa layi na biyu ya karantu daidai.