Na gwada maganin Ayurveda kan ciwon dunduniya a Kerala

Ina karatu a Indiya ciwon dunduniya ya sa ni gaba. Da asuba in na sauko daga gado, takun farko sai na dafa bango, in na ɗan zagaya ya lafa, da yamma kuma ya dawo. Likitan ƙashi ya ce faffaɗar jijiyar tafin ƙafa ce, wadda ta tashi daga dunduniya zuwa gindin yatsu, ta gaji da ja. Da ƙwayoyin rage zogi suka fara taɓa mini ciki, sai na nufi wani asibitin Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, a jihar Kerala.

Likitar da na samu a can tana da digirin BAMS, wato na likitancin Ayurveda, kuma ta daɗe tana tambayata kan takalmina da yawan tsayuwata kafin ta taɓa ƙafar. An fara da tausa da man Kottamchukkadi mai ɗumi, sannan gashin da suke kira ishtika sweda. Jan bulo ake gasawa a wuta, a kwara masa ruwan magani mai tsami, ka ɗora dunduniya a kan tururin, in ya ɗan huce ka taka shi. Wannan na fi so. Ƙafar takan saki sosai, in fita ina taku lafiya, sai dai sauƙin ba ya wuce yini ɗaya ko biyu.

Agnikarma kuwa sai mai ƙarfin hali. Kusan sakiyar wanzamai ce: a gasa tsinken ƙarfe, a ɗiɗɗiga shi daidai inda ya fi zafi, a shafa ruwan aloe vera. Zogin ya ragu ƙwarai a makon, amma na yi jinyar ƙuna, alwala ma sai da dabara. Mai ciwon suga kada ya kusanci wannan, don ciwo a ƙafarsa ba ya saurin warkewa.

Ƙwayoyin haɗiya da aka rubuta mini ban sha ba, domin an sha samun dalma da makamantanta a wasu haɗe-haɗen Ayurveda, kwalbar kuma ba ta fayyace abin da ke ciki ba.

A ganina gashin da tausar sun cancanci kuɗinsu. Amma ciwon bai bar ni ba sai da na dage da miƙe jijiyar sharaɓa kullum safe, na daina yawo da silifa a kan tayil.