Masu gyaran kwamfuta na Wunti sun san hannunsu

Shagon nan na kusa da kasuwar Wunti a Bauchi ba sa gaggawar goge duk abin da ke cikin kwamfutar mutum. In allo ya ƙi kawowa, sukan fara duba wayar VGA ko HDMI mai haɗa allon da kwamfutar, sannan su zare RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, su share haƙoransa, don ƙurar hunturu kan hana shi kamawa. In linzamin kwamfuta (mouse) ne ya ƙi aiki kuwa, sauya ramin USB ko batiri kan wadatar.

Sun fi burgewa a kan Ubuntu, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabuntawa, manhajoji suka tsaya rabi da rabi. Sukan danna Ctrl+Alt+F3 don buɗe wurin rubuta umarni, su rubuta sudo dpkg --configure -a, sai sudo apt -f install don ƙarasa manhajojin da suka tsaya, in da buƙata su sake ɗora direban NVIDIA, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto. Fayilolinka na nan daram. Sai dai ba sa ba da rasit, ya kamata su gyara wannan.