Jan layin da ya hana ni buɗe takardar biyan kuɗi

Yaya, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Rannan a waya ka tambaye ni wane bambanci na gani tsakanin aikin ofis a nan Ingila da wanda na baro a gida, na ce ka bari in rubuto maka a tsanake. Akwai abubuwa da dama, amma ɗaya ne nake so ya isa kunnenka, domin ya shafi kwamfutocin da ke ofishinka kai tsaye.

A mako na uku a sashen lissafi, wani imel ya shigo da takardar Excel, wai kuɗin wani mai kawo mana kaya ne ba a biya ba. Ina buɗewa sai ga jan layi a sama, yana cewa an hana makuro aiki saboda ba a yarda da inda fayil ɗin ya fito ba. Na nemi maɓallin da muka saba dannawa a gida, wannan na cikin layi mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa Enable Content, babu shi. Na kira matar da ke kula da kwamfutocinmu. Ta duba adireshin mai aikowa, ta nuna min harafi ɗaya da aka sauya a sunan kamfanin. Da maɓallin nan yana wurin, da na danna, domin shekaru na yi ina dannawa ba tare da tunanin komai ba.

Makuro ɗan umarni ne da ake dasawa cikin takardar Word ko Excel don ya yi aikin da ake maimaitawa, kamar haɗa lissafin wata da dannawa ɗaya. Abu ne mai amfani, ni ma da shi nake aiki. Matsalar ita ce umarnin da zai iya haɗa lissafi zai kuma iya janyo muguwar manhaja daga intanet ya girka ta. Tun a watan Maris na 1999 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu ta cikin takardar Word, tana tura kanta ga mutum 50 na farko da ke littafin adireshin Outlook na duk wanda ya buɗe ta. A Disamban 2015, waɗanda suka yanke wa kimanin masu amfani da lantarki 225,000 wuta a Yukiren sun fara samun ƙofa ne ta takardun Office masu makuro da suka tura wa ma'aikata. Muguwar manhajar Emotet ma, wadda 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗu suka rushe a Janairun 2021, ta wannan hanya ta daɗe tana shiga ofisoshi.

A Fabrairun 2022 Microsoft ya sanar da cewa zai daina barin hukuncin buɗe makuro a hannun ma'aikaci. Duk fayil ɗin da aka sauke daga intanet ko aka ciro daga imel, Windows na liƙa masa wata ɓoyayyar alama mai nuna cewa daga waje ya zo. Idan Word, Excel, PowerPoint, Access ko Visio suka ga alamar, sai su rufe makuron gaba ɗaya. Masu sana'o'i sun yi ƙorafi har aka janye matakin na ɗan lokaci, sannan aka dawo da shi a ƙarshen Yulin shekarar. A ganina sun yi daidai. Akawun da ya gaji da yamma, ga imel yana cewa a biya yau, ba shi ya kamata a bar wa wannan shawara ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne hidimar da ke bayan kayan. Takardunmu na albashi masu makuro suna cikin wata jaka guda da aka ware a matsayin amintacciya, kuma ba kowa ke iya ajiye abu a cikinta ba. Idan abokin hulɗa ya aiko da fayil mai makuro na gaskiya, ana tura wa masu kula da kwamfuta su bincika tukuna. Ba zan ɓoye maka ba, akwai jinkiri. Na taɓa jiran kwana guda cur a kan takarda ɗaya, raina ya ɓaci. Amma aikin bai lalace ba.

A gida kuwa, sunan manhajar ɗaya ne, kayan ne suka bambanta. Inda na yi aiki a da, Office ɗin da aka sa mana kwafe ne marar lasisi, kuma mai gyaran ya kashe sabuntawa don kada ya daina aiki. Kwamfutar da ba ta karɓar sabuntawa ba za ta taɓa ganin wannan jan layi ba. Da muka dame shi da ƙorafin gargaɗi, sai ya shiga saituna ya buɗe wa kowane makuro hanya. Sannan ga yawo da filash: yawancinsu ba sa riƙe alamar nan, saboda haka takardar da aka sauke a wata kwamfuta aka kawo ta a filash za ta iso kamar 'yar gida.

Don Allah, Yaya, ka sa a duba maka abu uku cikin makon nan: ko Office ɗinku yana karɓar sabuntawa, ko an buɗe makuro a saituna, da kuma waɗanne fayiloli ne sunansu ke ƙarewa da docm ko xlsm, wato takardun Word da Excel masu iya ɗaukar makuro. Office 2016 da 2019 sun daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025, idan su kuke da su sai a fara shirin sauyawa. Ka kuma gaya wa yaranka cewa masu kutsen ba su haƙura ba, bayan an rufe musu wannan ƙofa sun koma tura fayilolin OneNote (manhajar ajiye rubutu ta Microsoft) da na ISO (fayil mai ƙunshe da wasu fayiloli a cikinsa). Duk wanda aka aiko wa irinsu, ya kira mai aikowa a lambar da ya sani tun da kafin ya taɓa. Idan mai gyaranku bai gane inda saitunan suke ba, ka haɗa mu a waya ranar Asabar in nuna masa.